Me Ke Ƙarƙashin Katanga? Tarihin Yadda Aka Karanta Cikin Duniya a Jikin Duwatsu

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin nan saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda suka fi jin daɗin karatu. Yana da ɗan tsawo, sai a gyara zama.

Mun saba kawo tarihin sarakuna da yaƙoƙi da fatauci. Yau kuma ƙasa za mu nutsa, kuma daga Katanga zan fara, wadda ke ƙaramar hukumar Jega a jihar Kebbi, a yankin nan na Jega da Aliero da Maiyama. Tambayar mai sauƙi ce: in mutum ya tsaya a Katanga ya fara haƙa, ya yi ta haƙa bai tsaya ba, me zai tarar?

Masu haƙar rijiya sun san farkon amsar. Jar ƙasa, marmara, yashi, laka, sai ruwa. Waɗannan shimfiɗu galibi ruwa ne ya ajiye su, domin yankin yana cikin wani babban kwari da masana ke kira kwarin Sakkwato, wanda ya miƙe har cikin Nijar da Mali. Shimfiɗar da ta rufe galibin ƙasar Birnin Kebbi da Argungu, sunan Gwandu ma aka ba ta a littattafan ilimin duwatsu. Kafin ita, teku ce ta taɓa kwanciya a kwarin. Dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina, kusa da Sakkwato, ragowar halittun wannan teku ne na kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. A ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku, har aka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972. Wato inda ake noman albasa yau, a da kifaye ne ke iyo.

In ka wuce waɗannan shimfiɗu, sai ka ci karo da tsohon dutse mai tauri, irin wanda ke fitowa fili in ka nufi Zuru ko Anka ko Gusau. Shi ne ɓawon duniya, kuma a ƙarƙashin nahiyoyi kaurinsa kan kai kilomita 35 ko fiye. To, me ke ƙasan ɓawon? Nan ne maganarmu ta yau.

Ku ɗauki mangwaro. Akwai ɓawo, akwai tsoka, akwai ƙwallo. Haka duniya take. Ƙwallon cikinta galibi ƙarfe ne. Tsakaninsa da ɓawo akwai tsokar duniya, wadda Turawa ke kira mantil. Zurfinta ya kai kilomita 2,900, kuma ita ce kusan kashi 84 cikin 100 na girman duniya baki ɗaya. Mutane da yawa na zaton narkakkiyar wuta ce. A'a, dutse ne daskararre, sai dai zafi ya sa yana tafiya a hankali, santimita kaɗan a shekara, kamar kwalta a ranar Afrilu: in ka buga ta ta yi tauri, in ka bar mata nauyi ta lotsa.

Babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa huda ɓawon nan ya isa gare ta. Amurkawa sun gwada ta ƙarƙashin teku a 1961, zuwa 1966 majalisarsu ta yanke kuɗin aikin. Tarayyar Sobiyet ta fara haƙa a yankin Kola a 1970, a 1989 ta kai mita 12,262, daga nan zafi ya hana ci gaba. Kilomita 12 da 'yan kai kenan, bai ma kai nisan Jega zuwa Birnin Kebbi ba.

To in ba a je ba, ta yaya aka sani? Wannan ce tambayar da nake so ku riƙe.

Girgizar ƙasa ce ta fara tona asirin. A 1909 wani masani ɗan Kuroshiya, Andrija Mohorovicic, ya lura cewa motsin girgiza yana ƙara gudu farat ɗaya in ya kai wani zurfi. Ya gane cewa a nan ɓawo ya ƙare, wani irin dutse ya fara. 'Yan shekaru bayan haka Bajamushe Beno Gutenberg ya auna inda tsokar ta ƙare, ƙwallon ya fara. Amma girgiza siffa kawai take nunawa, kamar hoton asibiti. Ba ta faɗa maka shekarun abu, ko daga ina ya fito, ko me ya same shi a hanya. Wannan sai an sami agogo.

A ƙarshen ƙarni na 19, babban masanin Ingila, Lord Kelvin, ya lissafa yadda duniya ke hucewa, ya ce shekarunta ba za su wuce miliyan 20 zuwa 40 ba. Masu nazarin duwatsu suka ce lokacin ya yi kaɗan, amma ba su da lissafin da za su kayar da shi. Sai a 1896 Bafaranshe Henri Becquerel ya gano cewa yuraniyom yana fitar da wani haske da ido ba ya gani. Daga baya aka fahimci cewa yuraniyom ɗin rikiɗa yake yi a hankali, mataki-mataki, har ya ƙare a dalma. E, dalma dai da kuka sani, ta batir ɗin mota. Ku riƙe sunanta, za mu dawo kanta.

Ga yadda agogon yake. A ce ka zuba farar dawa ƙwaya 1,000 a rumbu ka liƙe, kuma a duk shekara goma rabin fararen da suka rage sai su koma ja. In wani ya buɗe ya tarar da fari 500 da ja 500, ya san shekara goma aka yi. In fari 250 ne, ja 750, shekara ashirin. Ba ya bukatar wanda ya ga ranar da aka liƙe rumbun. Ƙirga kawai zai yi. Yuraniyom haka yake, zafi ko sanyi ko nauyin ƙasa ba sa sauya masa taki. A 1907 Ba'amurke Bertram Boltwood ya fara ƙirga shekarun duwatsu ta wannan hanya, sai wani matashi ɗan Ingila, Arthur Holmes, ya ɗauki aikin a 1911, ya rungume shi har ƙarshen rayuwarsa.

Amma akwai ƙulli. Dalmar da ke cikin dutse ba duka ce ta fito daga yuraniyom ba. Wata tana nan tun asali. Ta yaya za ka bambanta su? A 1913 Frederick Soddy ya ba da sunan abin da ya warware ƙullin: aisotof. Ma'anarsa, sinadari ɗaya yana iya samun ƙwayoyin zarra masu hali ɗaya amma nauyinsu ya ɗan bambanta, kamar tagwaye masu kama ɗaya da sai an ɗora su a sikeli ake gane Hassan da Husaini. Dalma tana da irin waɗannan guda huɗu: 204, 206, 207 da 208. Mai lamba 204 ta asali ce. Yuraniyom 238 yana haifar da dalma 206, kuma rabinsa kan ƙare cikin shekara biliyan 4.47. Yuraniyom 235 yana haifar da dalma 207, rabinsa kan ƙare cikin shekara miliyan 704. Agogo biyu kenan a dutse ɗaya, kowanne na iya ƙaryata ɗan uwansa in an yi kuskure.

Sikelin da ke auna waɗannan tagwaye, Francis Aston ya ƙera shi a Kambirij a 1919, Alfred Nier kuma ya inganta shi a Amurka gab da Yaƙin Duniya na Biyu. A nan ma sunan Katanga ya shiga tarihi, amma ta Kwango, ba tamu ta Jega ba. Mahaƙar Shinkolobwe da ke can ta shahara da yuraniyom mai ƙarfi, kuma daga cikinta aka sami mafi yawan wanda Amurka ta yi aikin bam ɗin nukiliyarta na farko da shi. Ilimin da ya auna shekarun duniya da wanda ya rusa Hiroshima a 1945, tushensu ɗaya.

Wanda ya kai ga amsar shi ne Clair Patterson, ɗalibi a Jami'ar Cikago da ya koma Kalifoniya. Matsalarsa ita ce duniya ta yi ta narkar da duwatsunta tana sake su, don haka babu dutsen ranar farko a doronta. Sai ya juya ga duwatsun da ke faɗowa daga sama, waɗanda suka samu lokaci ɗaya da duniya amma ba abin da ya dame su. Ya auna dalmar wani da ya faɗi a Arizona, ya haɗa da wasu, ya kwatanta da lakar ƙasan teku. A 1956 ya buga sakamako: shekara biliyan 4.55. Kusan shekara 70 kenan, adadin bai gusa ba sai ɗan gyara.

Da agogo ya samu, sai masana suka gane cewa aisotof ba shekaru kawai yake faɗa ba, har da asali. Bari in yi bayanin da nono, don ya fi shiga.

Kun san kindirmo, kun san tsala. Kindirmo da mansa yake. In aka kaɗa shi aka kwashe man shanu, abin da ya rage shi ne tsala. To, duk lokacin da wani sashe na tsokar duniya ya ɗan narke, akwai sinadaran da ke gudu su bi narkakken zuwa sama, irin su yuraniyom da rubidiyom da fotasiyom. Sun zama man shanu, su ne suka taru suka zama ɓawon nahiyoyi da muke zaune a kai. Tsokar da aka tatsa ta zama tsala.

Ga inda dabarar take. Rubidiyom 87 yana rikiɗa a hankali ya koma sitironshiyom 87. Tunda man shanu ya kwashe rubidiyom, bayan shekaru biliyoyi zai tara sitironshiyom 87 da yawa, tsala kuwa kaɗan. Saboda haka in dutse mai aman wuta ya yi amai, kana iya ɗaukar dutsen ka auna, ka san daga wace ƙwarya aka ɗebo shi. Wanda ke fitowa a tsakiyar tekuna awonsa kan tsaya wajen 0.703, tsohon dutsen nahiya kuwa yakan haura 0.710. Bambancin kamar ba komai, amma tarihin biliyoyin shekaru ne a cikinsa.

A da ana ɗaukar cewa tsokar duniya a gauraye take sumul, ko'ina ɗanɗano ɗaya. A 1964 Paul Gast da George Tilton da Carl Hedge suka auna duwatsun tsibiran Ascension da Gough a Tekun Atilantika, suka tarar dalmarsu da sitironshiyom ɗinsu sun sha bamban. Wato ƙwaryar ba ɗaya ba ce. A 1976 Donald DePaolo da Gerald Wasserburg suka shigo da wani sabon ma'auni, niyodimiyom, wanda ke iya nuna lokacin da aka kwashe man wani dutse daga tsokar. A 1982 Albrecht Hofmann da William White suka kawo shawarar da ta sauya tunani: ɓawon ƙasan teku da ke nutsewa cikin tsokar, kamar yadda ake gani a ƙarƙashin Jafan da Indunusiya, ba ɓacewa yake ba. Yana sauka can ƙasa, ya daɗe ƙwarai, sannan ya taso ya fito a tsibirai irin su Hawai. An mayar da mai cikin tsala kenan, amma bai gauraya duka ba. Zuwa 1986 Alan Zindler da Stanley Hart suka jera 'yan ɗanɗanon da ake samu a tsokar, har yau da sunayen da suka tsara ake aiki.

To kindirmo fa? Akwai inda ba a taɓa kaɗawa ba tun farko? Alama ta zo daga iskar hiliyom. Hiliyom 4 yuraniyom ne ke haifar da shi kullum, amma hiliyom 3 galibinsa gadon ranar farko ne. A 1969 aka gano yana tsattsafowa daga ƙasan Tekun Fasifik. Daga baya aka ga duwatsun Hawai da Aisland suna ɗauke da shi fiye da na tsakiyar teku nesa ba kusa ba. Ma'ana, a can cikin duniya akwai lungun da har yanzu bai gama fitar da numfashinsa na farko ba.

Yanzu mu dawo gida, don wannan tarihi ba a tsibiran Turawa kaɗai aka rubuta shi ba. Duwatsun Arewa na cikin manyan shaidu, kuma zan kawo huɗu.

Shaida ta farko tana Kaduna. A cikin duwatsu akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu suna zirkon, ba su kai ƙwayar gero ba. Lokacin da zirkon ke samuwa yana karɓar yuraniyom amma yana ƙin dalma, don haka shi ne liƙaƙƙen rumbun da na ba ku misali. A 1994 masanin Nijeriya S. S. Dada da abokan aikinsa a Faransa suka ba da rahoton zirkon daga dutsen Kaduna da ya haura shekara biliyan 3.5. A 2001 Alfred Kroner da Barth Ekwueme na Jami'ar Kalaba da Robert Pidgeon suka sami biliyan 3.57, suka bayyana shi a matsayin dutse mafi tsufa da aka sani a Afirka ta Yamma a lokacin. Ku duba lissafin: duniya na da kusan shekara biliyan ɗaya kacal aka riga aka kwashe man da ya zama dutsen Kaduna. Daga baya, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo a nan, suka murɗe tsofaffin duwatsun, suka tsattsaga su. A irin waɗannan tsagogi ne ruwan zafi ya ajiye zinaren Anka da Maru da Yawuri.

Shaida ta biyu jerin duwatsu ne da suka taso daga Azbin a Nijar, suka ratso Damagaram, suka shigo Dutse da Ririwai da Jos, suka ƙare a Afu ta jihar Nasarawa, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Saiwoyin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne da saman ya zaizaye. Su suka ba Jos kuza. Da aka auna su da rubidiyom da sitironshiyom, aikin da Peter Bowden da M. A. Rahaman na Ile-Ife da wasu suka yi, sai aka ga abin mamaki: shekarunsu na raguwa in kana gangarowa kudu. Na Azbin sun haura miliyan 400. Na Damagaram wajen miliyan 300. Na Dutse miliyan 213. Na Afu miliyan 141. Kamar wanda ya ɗauki garwashi yana tafe da shi a ƙarƙashin tabarma, yana ƙona ta wuri-wuri daga arewa zuwa kudu. Wasu masana suka ce nahiyar ce ke gogawa a kan wuri mai zafi a tsokar, wasu suka ce tsofaffin tsagogi ne ke buɗewa bi da bi. Abin da awon ya nuna dai shi ne zafi da narkakken dutse sun taso daga tsokar, suka narkar da wani abu na ɓawon, suka gauraya.

A nan ya kamata in ambaci Kevin Burke, Baturen da ya koyar da ilimin duwatsu a Jami'ar Ibadan daga 1963 zuwa 1971. Yana cikin waɗanda suka bayyana cewa kwarin Binuwai tsaga ce da ta fara buɗewa lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, amma ta tsaya a hanya. Da ta ci gaba, da yanzu teku ce tsakanin Makurɗi da Yola. A ƙarshen rayuwarsa ya mayar da hankali kan wasu manyan tuddai biyu da girgizar ƙasa ta nuna a gindin tsokar duniya, ɗaya a ƙarƙashin Fasifik, ɗaya a ƙarƙashin Afirka. Na Afirka ya raɗa masa suna Tuzo, don girmama masanin Kanada Tuzo Wilson. Ko su ne ma'ajiyar kindirmon, ko kuma juji ne na tsohon ɓawon da ya nutse, har gobe masana na ja-in-ja a kai.

Shaida ta uku ita ce mafi kusa da zamaninmu. Tudun Biu a jihar Barno baƙin dutsen aman wuta ne, galibinsa bai wuce shekara miliyan 5 ba, kuma Tafkin Tila bakin ɗaya daga cikin duwatsun ne da ruwa ya cika. Haka ma wajen Panyam da Kerang a Filato. A cikin baƙin dutsen Biu ana samun dunƙule-dunƙule masu launin kore. Waɗannan gutsattsarin tsokar duniya ne da kanta, aman wuta ya fizgo su ya kawo sama. Abin da Sobiyet ta kasa kaiwa da injin haƙa cikin shekara 19, yaro mai kiwo a Biu na iya tuntuɓe da shi.

Biu reshe ne na layin duwatsun Kamaru, wanda ya taso daga tsibiran cikin teku irin su Sawo Tome da Biyoko ya hau tudu. A 1985 Godfrey Fitton da H. M. Dunlop suka kwatanta baƙin dutsen ɓangaren teku da na tudu, suka tarar ɗanɗanonsu kusan ɗaya ne. Tunda ɓawon teku da na nahiya sun bambanta ƙwarai, dole tukunyar da ke dafa su duka tana ƙasa da ɓawon, cikin tsokar. Kuma wannan layi yana raye. A daren 21 ga Agusta 1986, Tafkin Nyos a Kamaru ya saki iska mai shaƙe numfashi, ta gangara ƙauyuka ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi dubbai, da yawa suna barci. An yi ta zarge-zarge, har da masu cewa gwajin makami ne. Awon aisotof na hiliyom da kabon ne ya nuna cewa iskar daga narkakken dutsen can ƙasa take tsattsafowa, tana taruwa a gindin tafkin shekara da shekaru. Da aka san haka aka san magani: tun 2001 aka fara kafa bututu yana fitar da ita kaɗan-kaɗan. Kuma fargabar ɓallewar bakin tafkin, wanda ruwansa zai biyo kogin Katsina-Ala ya shigo Nijeriya, na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Taraba.

Shaida ta huɗu daga sama ta zo. Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani manomi a Zagami, ƙasar Faskari ta jihar Katsina ta yanzu, yana korar tsuntsaye a gonarsa sai ya ji ƙara, dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake. Aka kai shi ofishin binciken ƙasa a Kaduna. Da aka auna, sai aka ga shekarunsa wajen miliyan 180 ne kawai, yaro ƙarami in an kwatanta da sauran duwatsun sama masu biliyan 4.5. Wato ya fito daga wata duniya da ta daɗe tana aman wuta. A 1995 aka ba da rahoton iskar da ta maƙale a cikinsa, ta yi daidai da wadda kumbunan Viking suka auna a duniyar Mas a 1976. Dutsen Zagami ɗan Mas ne. Shi da 'yan uwansa suka nuna cewa ita ma Mas an kaɗa nononta tun da wuri, amma tsokarta ba ta yi ta juyawa kamar tamu ba, don haka ta fi adana alamun farko. Har an ɗora ɗan gutsurensa a kumbon da Amurka ta harba zuwa Mas a 1996. Dutsen ya zo Katsina, ya ga duniya, wani ɓangarensa ya koma wajen gida.

To jama'a, ina ruwan mai noman albasa a Aliero ko mai kamun kifi a Jega da duk wannan? Na ce ku riƙe dalma.

Lokacin da Patterson ke awonsa, abin da ya fi ba shi wahala shi ne dalmar da ke shigowa daga waje tana ɓata masa sakamako: a ƙura, a ruwa, a tufafi, a gashin kansa. Sai da ya gina ɗaki na musamman mai tsananin tsafta. Da ya gama da shekarun duniya sai ya tambayi kansa, wai daga ina duk wannan dalma take? Ya auna ruwan teku da tsohuwar ƙanƙara, ya gano cewa fetur ɗin da ake zuba wa dalma tun 1923 ne ya cika iska da ita. Ya buga wannan a 1965, ya tsaya gaban majalisar dattawan Amurka a 1966, ya sha adawa daga masu cin riba. A ƙarshe magana tasa ce ta tabbata. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun bar irin wannan fetur zuwa 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021.

Mu kuma a 2010 muka ga namu. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, maƙwabtanmu na kusa, yara suka fara mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega. Dutsen zinaren da ake kawowa gida ana niƙawa cike yake da dalma, domin ruwan zafin da ya ajiye zinaren a tsagogin nan shi ya ajiye ta tare da shi. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai aka yi musu magani. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba, neman abinci suke. Ido ba ya ganin dalma a ƙura. Awo ne kaɗai ke ganinta. Kuma Gulbin Zamfara da ya ratsa ƙasar Anka shi ne ya gangaro ta Gummi ya wuce ta Jega. Ƙasarmu da tasu a haɗe suke, sama da ƙasa.

Ga abin da ya tsaya min a rai da na haɗa wannan tarihi. Zirkon ɗin Kaduna, a Faransa da Ostireliya aka auna shi. Duwatsun Biu da Jos, a Jamus da Birtaniya. Zagami kuwa gutsattsarinsa sun bazu ɗakunan binciken duniya. Littafin namu ne, a gonakinmu yake, amma sai an kai shi waje ake karanta mana. Sunaye irin su Dada da Rahaman da Ekwueme sun nuna cewa ƙwaƙwalwar tana nan. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ga ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga Ahmadu Bello a Zariya. Ƙanina ko ƙanwata da ke shirin cike fom ɗin JAMB, in kina son kemistiri, in kana son lissafi, ilimin duwatsu ba na masu neman aikin man fetur ba ne kawai. Wanda ya iya auna aisotof yana iya faɗin shekarun dutse, yana iya faɗin tsufan ruwan da rijiyar burtsatse ke zuƙowa, yana iya bin sawun guba har inda ta fito.

Aikin ma bai ƙare ba. A 2023 wani jirgin ruwan bincike ya ciro dutsen tsokar duniya mai tsawon mita 1,268 a tsakiyar Atilantika, a wurin da tsokar ta riga ta turo kanta kusa da ƙasan teku. Ana kan auna shi yanzu haka, kuma akwai sauran wuri a teburin.

Nan zan dasa aya. In a garinku akwai baƙin dutse mai ƙwayoyi kore, ko tsohon labarin dutsen da ya faɗo daga sama, ku rubuto mana a ƙasa da sunan garin. In kuma kun san gidan da ake niƙa dutsen zinare kusa da yara, don Allah ku tura musu wannan rubutu, ko ku karanta musu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.